Kuskuren Kuɗin Rajista Bayan Sayen Mota Ta Hannu: Asalinsa da Hanyoyin Neman Gyara a Nijeriya

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Nijeriya na hannu ne, ko dai waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje kafin a shigo da su, waɗanda ake yi wa laƙabi da 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, ko kuwa waɗanda suka riga suka zaga hannuwa a cikin gida. Bayan ciniki ya faɗa, an biya la'adar dillali, an miƙa makulli, akwai sauran aiki a gaban mai saye, wato mayar da takardun motar zuwa sunansa, kuma a nan ne mutane da yawa suke cin karo da adadin kuɗin da ya zarce abin da suka yi tsammani, ko rasit ɗin da bai yi daidai da abin da suka biya ba, ko bashin da ba su san lokacin da aka ci shi ba. Galibi a irin wannan hali mutum yakan biya yana gunaguni, ko ya tayar da jijiyar wuya a gaban ma'aikacin da ba shi da ikon sauya komai, alhali kuwa matsalar tana da hanyar warwarewa idan aka fara da gane cewa abin da ake kira kuɗin rajista tarin kuɗaɗe ne mabambanta, kowanne da hukumar da ta yanka shi, da dokar da ta kafa shi, da ƙofar da ake bugawa idan an yi kuskure a cikinsa.

Rabe-raben kuɗin da hukumomin da ke karɓarsa

A tsarin Nijeriya harajin ababen hawa haƙƙin gwamnatocin jihohi ne, kamar yadda dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati yake da ikon karɓa ta sanya harajin hanya a rukunin jiha, kuma dokar ta haramta wa duk wanda ba hukumar haraji ba ya karɓi irin wannan kuɗi, ta kuma haramta datse hanya domin karɓarsa. Saboda haka lasin mota, wato takardar da ake sabuntawa duk shekara a matsayin izinin hawa titi, da kuɗin rajistar farko, da kuɗin canjin mallaka, duk suna shiga asusun hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne ta hannun ofishin lasin, kuma farashinsu a Kano yana iya bambanta da na Kaduna ko Sakkwato ba tare da an yi wa kowa zalunci ba. Wanda ya kwatanta abin da aka caje shi da abin da ɗan'uwansa ya biya a wata jiha bai riƙe hujja ba tukuna, domin ma'aunin da za a duba shi ne jadawalin kuɗi na jihar da aka yi rajistar a cikinta.

Lambar mota kuwa tana da tsari na ƙasa baki ɗaya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 kuma aka fi sani da FRSC, ita ce ke kula da rumbun bayanan lambobin motoci, tana kuma buga lambobin ta miƙa wa jihohi su raba, yayin da farashin yake fitowa daga hukumar haɗin gwiwa ta haraji, wadda shugabannin hukumomin haraji na tarayya da na jihohi suke zama a cikinta. Farashin lambar ƙaramar mota da wannan hukuma ta amince da shi a 2021 naira 18,750 ne, sannan aka ɗaga shi zuwa naira 30,000 daga watan Yuni na 2025, kuma irin wannan sauyi shi kansa yana haddasa saɓani, domin mai saye yakan zo da tsohon farashi a ka, shi kuma wakili marar amana yakan fake da labarin ƙarin ya ɗora nasa a kai. A 2023 kuma an ɓullo da sabunta takardar shaidar mallaka duk shekara a kan naira 1,000, abin da ya ƙara layi guda a jerin kuɗaɗen da ake gani a rasit a wuraren da ake aiwatar da shi.

Sai takardar shaidar lafiyar mota, wadda jami'an duba ababen hawa na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO, suke bayarwa bayan gwaji, da kuma inshorar kare mutum na uku, wato inshorar da ke biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani, wadda wajabcinta ya samo asali daga wata dokar 1945. Wannan inshora kamfani ne ke sayar da ita, gwamnati ba ta da hannu a kuɗin, sai dai hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa ita ke ƙayyade farashin, kuma daga farkon Janairun 2023 ta mayar da shi naira 15,000 ga motar gida maimakon naira 5,000, tare da ɗaga iyakar diyyar dukiya zuwa naira miliyan uku. Motar haya tana da ƙarin takardun izini da motar gida ba ta buƙata. A bayan duk waɗannan akwai kuɗin fito na kwastan, wanda ba ya cikin kuɗin rajista a ƙa'ida, amma shi ne tushen da rajistar motar da aka shigo da ita take tsayawa a kansa, kuma idan ya samu matsala komai na samansa yana girgiza.

Abin da ke rikita mai saye shi ne, a aikace duk waɗannan kuɗaɗe sukan zo masa a dunƙule, ta bakin wakili ko ɗan kamasho da ke zaune a ƙofar ofishin lasin, wanda zai ce a kawo kaza a yi komai da komai. Muddin adadin yana dunƙule ba a iya cewa an yi kuskure ko ba a yi ba, don haka matakin farko na kowace jayayya shi ne a warware shi layi-layi, a ga nawa ne na jiha, nawa ne na lamba, nawa ne na kamfanin inshora, nawa ne kuma ladan wakilin da babu rasit ɗinsa.

Inda kuskuren yake fitowa

Kuskuren lissafi tsantsa, wato a haɗa lambobi a samu ba daidai ba, ya yi ƙaranci tun da aka koma amfani da kwamfuta wajen fitar da takardar biya. Abin da ya fi yawa shi ne kuskuren bayani, domin kwamfuta tana yanke kuɗi ne bisa abin da aka shigar mata game da motar, kuma idan aka shigar da bayanin da ba na motar ba za ta fitar da adadin da ya yi daidai da wata mota dabam. Jadawalin jihohi yawanci yana raba motoci gwargwadon nau'i da girman inji da irin aikin da ake yi da su, kuma kowanne daga cikin ukun nan wuri ne da ake iya zamewa. Toyota Camry ta 2008, alal misali, ta fito da inji iri biyu, mai silinda huɗu na lita 2.4 da mai silinda shida na lita 3.5, kuma sunansu ɗaya a takarda, ta yadda ma'aikacin da ya zaɓi layin da ba shi ba a allon kwamfuta zai jefa ƙaramin inji cikin rukunin manya, mai motar ya yi ta biyan bambancin a duk sabuntawa. Haka nan motar da tsohon mai ita ya yi haya da ita, mai lamba da jan rubutu, tana iya ci gaba da zama a rukunin haya a rumbun bayanai ko da sabon mai ita na gida yake nufi da ita, sai a riƙa neman sa da kuɗin izinin da bai shafe shi ba, har sai an sauya rukunin an ba shi lamba mai shuɗin rubutu.

Mafi wuyar sha'ani shi ne kuskure a lambar casis, wato lambar shaidar da kamfanin ƙera mota ya buga a jikinta, wadda tun 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da alƙaluma goma sha bakwai. Ana ganin ta a wani ɗan ƙaramin ƙarfe a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kuma a motar da ta sha rana da ƙura rubutun yakan dushe har 8 ta yi kama da B, 5 ta yi kama da S. Tsarin lambar ba ya amfani da haruffan I da O da Q ko kaɗan, saboda haka duk takardar da aka ga ɗaya daga cikinsu a lambar casis ɗinta an yi kuskuren kwafi a cikinta. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, waɗanda suka cika kasuwannin Nijeriya, gurbi na goma yana nuna shekarar mota, inda 8 take nufin 2008, A take nufin 2010, B kuma 2011, wanda ke nuna cewa harafi guda da aka karanta ba daidai ba yana iya ƙara wa mota ƙuruciyar shekara uku a takarda. Tun da hukumar kwastan ta fara ƙiyasta darajar motoci ta hanyar wannan lamba a 2022, irin wannan zamewa tana iya sauya kuɗin fito, kuma ko ba ta sauya kuɗi ba tana sa takardar kwastan da ta rajista su saɓa wa juna, abin da ke sa a ɗauki motar a matsayin wadda ba a taɓa yi wa rajista ba, a nemi a fara komai daga tushe.

Akwai kuma biya sau biyu, wanda yakan faru idan kuɗi ya fita daga asusun banki amma bai bayyana a kwamfutar ofis ba, aka ce wa mutum ya sake biya kafin a ba shi takarda, daga baya biyan farko ya shiga. Akwai kuskuren kwanan wata, inda lasin da aka biya na wata goma sha biyu ya fito da ranar ƙarewar da ta gaza haka, domin an ƙirga daga ranar da tsohon lasin ya mutu. Sai kuma abin da ba kuskure ba ne ko kaɗan, ko da yake da rigar kuskure yake zuwa, wato takardun jabu: wakili ya karɓi cikakken kuɗi, ya kawo lasin da takardar inshora masu kyan gani waɗanda ba su cikin kowane rumbun bayanai, ranar da aka je sabuntawa ko aka tsaya a shingen bincike sai a tarar kamar ba a taɓa biya ba. A nan ofis bai ci kuɗin kowa ba, kuma ƙorafin da aka kai masa ba zai haifar da komai ba, domin wanda ya ci kuɗin yana waje.

Tantance waɗannan ba ya buƙatar lauya. Rumbun bayanan hukumar kiyaye haɗurra yana da shafin intanet da ake shigar da lambar mota ya nuna ko an yi mata rajista da kuma irin motar da aka ba lambar, ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ita ma tana da rumbun da ake duba ingancin takardar inshora da lambar mota, kuma rasit na gaskiya yana ɗauke da lambar biya da ake iya bin sawunta a banki ko a ofishin hukumar haraji. Idan waɗannan ukun suka tabbata, matsalar ta ofis ce ko ta bayani. Idan ɗayansu ya faɗi, matsalar ta wakili ce ko ta mai sayarwa.

Bashin da mota ta zo da shi

Wani kaso babba na abin da masu saye ke ɗauka kuskure ne, a haƙiƙa bashin tsohon mai mota ne da ya biyo ta. Mutum yana iya ajiye mota shekara biyu ko uku bai sabunta lasin ba, ko ya bar tarar da hukumar kula da zirga-zirga ta jiha, irin su KAROTA a Kano, ta rubuta a kan lambar, sannan ya sayar ba tare da ya ambata ba. Jihohi sun bambanta wajen yadda suke bi da ariyas, wato kuɗin shekarun baya da ba a biya ba, amma inda kwamfuta ta ɗaure bashin a jikin lambar mota, duk wanda ya zo da lambar shi za a miƙa wa takardar biya, ba tare da la'akari da ranar da ya saya ba. Abin da mai saye zai iya nema daga ofis a nan shi ne a nuna masa sashen doka ko jadawalin da ya ba da ikon karɓar ariyas ɗin, a kuma raba masa lissafin gida biyu, na kafin ranar ciniki da na bayanta, domin da wannan rabon ne zai koma wa mai sayarwa.

Hukumar kiyaye haɗurra ta sha bayyana cewa a tsarin lambobin da aka fara a 2011 lamba tana ɗaure ne da mai mota, wanda ke nufin idan aka sayar da mota ya kamata a yi canjin mallaka a hukumance, bayanan rumbu su koma sunan sabon mai ita. A aikace da yawa ba sa yin haka, sai su ci gaba da sabunta takardu da sunan mutumin da ba su taɓa gani ba, wani lokaci ma motar ta wuce hannu uku ko huɗu a haka. Wannan sakaci yana raunana duk wata jayayya, domin ofis yana da hujjar cewa wanda ke ƙorafin ba shi ne mai motar a takarda ba, kuma idan aka amince a mayar da rarar kuɗi, sunan da ke kan rasit shi ne mai haƙƙi. Inshora ma haka take, domin yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutumin da aka rubuta sunansa, ba ta bin mota zuwa hannun mai saye kai tsaye.

Bashin da ya fi kowanne nauyi shi ne na kwastan. Daga farkon Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, amma motocin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ba su daina shigowa ba, wasu ta yamma, wasu kuma ta zagayen Jamhuriyar Nijar zuwa iyakokin Katsina da Sakkwato, kuma da yawansu suna yawo da takardar fito ta jabu ko wadda aka biya ƙasa da ƙima. Samun lamba da lasin daga jiha ba ya wanke irin wannan mota a idon kwastan, waɗanda ke da ikon riƙe ta a hannun duk wanda suka same ta, ko da shi ne mai saye na biyar kuma bai san komai ba. Girman matsalar ya sa a 2024 hukumar ta buɗe wa'adin kwana casa'in domin masu irin waɗannan motoci su zo su daidaita biyansu. Wanda aka ce ya cika giɓin kuɗin fito yana da damar neman a nuna masa yadda aka ƙiyasta darajar motar da shekarar da aka ɗauka, ya kuma ƙalubalanci ƙiyasin idan an yi kuskure a lambar casis ko a shekara, amma idan giɓin na gaskiya ne, jayayyarsa da mai sayarwa take.

Yadda ake gabatar da ƙorafi

Ƙorafin baki a bakin taga ba ya barin alama, kuma ma'aikacin da ke zaune a wurin galibi ba shi da ikon gyara abin da ya riga ya shiga kwamfuta, ballantana ya mayar da kuɗin da ya faɗa asusun gwamnati. Hanyar da ke aiki ita ce wasiƙa zuwa ga shugaban ofishin lasin, tare da kwafi zuwa ga shugaban hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, wadda ta bayyana lambar mota da lambar casis da lambar rasit da ranar biya, ta faɗi adadin da aka karɓa da adadin da jadawali ya nuna da bambancin da ke tsakani, sannan ta nemi abu takamaimai, ko gyaran bayani, ko mayar da rara, ko a lissafa rarar cikin sabuntawa mai zuwa. A haɗa da kwafin yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun shaidu, da tsofaffin takardun motar, da takardar kwastan, da bayanin asusun banki idan batun biya sau biyu ne, da hoton lambar casis kamar yadda take a jikin mota. Ba a miƙa ainihin takardu, kwafinsu ake bayarwa, kuma wajibi ne a karɓi kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata, domin wannan hatimi shi ne shaidar da duk matakan gaba za su nema.

Idan batun girman inji ne ko lambar casis, abin da ya fi saurin kashe gardama shi ne a kai motar gaban jami'in duba ababen hawa ya gani da idonsa ya rubuta rahoto, kuma ofisoshi kan nemi takardar rantsuwa daga kotu kafin su gyara suna ko lamba. Ya kamata a tabbatar gyaran ya shiga rumbun bayanai, bai tsaya a kan takardar da aka sake bugawa ba, domin kuskuren da aka gyara da biro a takarda yana nan daram a kwamfuta, kuma zai dawo da kuɗinsa a shekara mai zuwa. Dangane da ko a biya kafin a yi jayayya ko a dakata, hikimar da aka fi bi ita ce idan rashin takardar zai hana amfani da motar, a biya ta hanyar banki zuwa asusun gwamnati, a kuma rubuta a wasiƙar cewa an biya ne ba tare da amincewa da adadin ba, domin hawa titi da mataccen lasin laifi ne mai zaman kansa wanda jayayyar kuɗi ba ta kare mutum daga gare shi. Mayar da tsabar kuɗi daga asusun gwamnati yana bin matakan amincewa masu jan lokaci, shi ya sa neman a cire rarar daga biyan gaba yakan fi sauƙin samu.

Idan ofis ya yi shiru ko ya ƙi, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 kuma tana da ofis a kowace jiha, tana binciken kura-kuran ma'aikatun gwamnati kyauta, sai dai dokarta ta shardanta cewa mai ƙorafi ya fara bin hanyoyin cikin gida na ma'aikatar, kuma kada ya bari wata goma sha biyu su wuce kafin ya kawo kuka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa, kuma ana iya amfani da ita wajen neman jadawalin kuɗi ko bayanin da aka shigar game da mota. Dokokin gyaran haraji da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2025 sun kafa ofishin mai sauraron koke-koken masu biyan haraji, wanda aikinsa shi ne shiga tsakanin mai biya da hukumar da ta karɓa. Kotu ita ce mataki na ƙarshe, kuma a nan lokaci yana da tsada ƙwarai, domin dokar kare jami'an gwamnati ta ƙayyade wata uku kacal domin shigar da ƙara a kan abin da jami'i ya aikata a bakin aikinsa, wa'adin da yakan ƙare yayin da mutum yake ta zarya yana jiran a ce masa ya dawo gobe. Kotuna sun nuna cewa ikon jami'an hanya yana da iyaka, kamar hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja na watan Oktoban 2024 da ya ce jami'an duba ababen hawa na babban birnin tarayya ba su da hurumin kama motoci ko cin tara a kan titi, amma wannan hukunci ya ginu ne a kan dokokin Abuja, kowace jiha kuma da dokar da ta kafa tata hukumar.

Haƙƙin mai saye a kan mai sayarwa

Inda bincike ya nuna bashin na tsohon mai mota ne, ko takardun da ya miƙa na jabu ne, doka tana gefen mai saye ta fuska biyu. Dokokin cinikin kaya da jihohi ke amfani da su, waɗanda suka samo tushe daga dokar Ingila ta 1893, suna ɗauka cewa duk mai sayarwa ya yi alkawarin yana da ikon sayar da kayan, kuma babu wani nauyi a kansu da ya ɓoye, ko da ba a rubuta haka a yarjejeniya ba. Fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke aiki da shi a jihohin Arewa shi ma ya tanadi zaɓin aibi, wato damar da mai saye yake da ita ta mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa idan ya gano aibin da ya riga ciniki kuma aka ɓoye masa, sai dai wannan dama tana faɗuwa idan ya ci gaba da amfani da kayan bayan ya san aibin ta yadda za a fahimci ya yarda. Idan kamfanin sayar da motoci ne, ana iya kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya da dokar 2018 ta kafa, kuma jihohi irin su Kano da Legas suna da kotunan ƙananan basussuka da ke yanke hukunci cikin hanzari ba tare da tilascin ɗaukar lauya ba. Kafin a kai ga kotu, shugabannin ƙungiyar dillalan motoci a kasuwar da aka yi cinikin sukan sasanta irin wannan rikici, domin dillalin da ya ci la'ada yana da sunan da yake karewa a cikin abokan sana'arsa. Wakilin da ya karɓi kuɗi ya kawo takardun jabu kuwa, lamarinsa ya fita daga bashi ya shiga zamba, kuma wurin 'yan sanda ake kai shi.

Duk da waɗannan hanyoyi, gaskiyar lamari ita ce sau da yawa rarar da aka karɓa ba ta kai kuɗin mota da ɓata lokacin da za a yi wajen nemanta ba, kuma wannan lissafi ne yake sa mutane su haƙura. Haƙurin yana da ma'ana idan kuskuren na sau ɗaya ne kuma kaɗan ne, amma ba shi da ma'ana idan kuskuren yana cikin bayanan motar, domin irin wannan yana maimaita kansa duk shekara, yana rage darajar motar ranar da za a sayar, yana kuma iya sa kamfanin inshora ya ƙi biya idan aka yi haɗari, tun da motar da ke cikin takarda ba ita ce ta yi karon ba. Mafi arhar lokacin yin jayayya shi ne kafin kuɗin mota ya bar hannun mai saye, lokacin da yake iya gwada lambar casis ta jikin mota da ta kowace takarda harafi bayan harafi, ya duba lamba da inshora a rumbunansu, ya tantance takardar fito a ofishin kwastan, ya je ofishin lasin tare da mai sayarwa a fitar da lissafin abin da ake bin motar. Yarjejeniyar da ta rubuta ƙarara cewa duk bashin da ya riga ranar ciniki yana wuyan mai sayarwa, tare da riƙe wani ɓangare na kuɗin har sai canjin mallaka ya kammala, ita ce ke sa mai sayarwa ya bi sawun takardun da kansa, domin a lokacin shi ma yana da abin da yake jira.